Ki Koma Fili, Shirwata

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, tauraruwar da ke riga alfijir fitowa, zumar da ba ta gundura, uwar ɗiyata, abokiyar rigimata a kan bargo! Ya ke wadda 'yan jarida suka raɗa wa suna Shirwa, ni kuwa nake kira da duk sunan da fuskarki ta ba ni izini a ranar! Gaisuwa mai yawa gare ki, da fatan alheri wanda ya fi gaisuwar yawa.

Na so in kira ki barewa kamar yadda masoya suka saba, amma na taɓa zuwa gidan namun daji na tsaya na kalli barewa da kyau. Tana da ƙoƙari. Sai dai ba ta iya gudu da baya ba, kuma ban ga alamar za ta iya daka tsalle ta doki abu a sama ta sauko a kan ƙafa ɗaya ba. Saboda haka na ƙyale ta, don kada in rage miki daraja.

Ina rubuta miki wannan ne daga ɗakin ɗaukar hoton ƙashi na asibitinmu. Injin ya tsaya tun safe, an ce mai gyara yana hanya, kin kuwa san hanyar mai gyara ba ta da iyaka. An sallami masu jira, benci ya zama wayam, daga ni sai fankar sama. Za ki ce, mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya, me ya kai shi ga takarda da biro? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Magana da ke baki da baki kamar tsayawa ce a ɗaya gefen raga: duk abin da na jefa sai ya dawo mini kafin in rufe baki, kuma a daidai inda ba na tsaye. Takarda kuwa ba a katse ta. Ko za ki yi mini raddi, sai kin kai ƙarshe.

Kin tuna ranar da aka fara shigo da ke ɗakin nan? A kan gadon da na ɗora takardar nan yanzu aka kwantar da ke. Koci ne ya tallabo ki ta gefe ɗaya, wata 'yar wasa ta ɗaya gefen, idon sawunki ya kumbura kamar an cusa lemo a cikin safa. Ba ki yi kuka ba. Cewa kika yi, "Malam, a yi sauri, gobe ina da wasa." Na tambaye ki wane wasa. Kika ce badminton. Ni kuwa, don in nuna na waye, na ce, "Oho, tanis." Kallon da kika yi mini a lokacin ya ratsa ni fiye da yadda injin nan ke ratsa mutane. "Ba tanis ba," kika ce. Daga nan hirarmu ta fara, har yau kuwa ba mu tashi ba.

Sauran maza fuska ce ke kama su, wasu murya, wasu tafiya. Ni ƙashinki na fara gani. Na ɗaga hoton a gaban fitila, sai ga ƙasusuwan ƙafa a jere tsaf, farare kamar balbelu a bakin rafi, kowanne ya san wurinsa, babu tsagewa, babu hayaniya. Na ce a raina, wannan 'yar gidan mutunci ce. Likita ya ce targaɗe ne kawai, a je a huta. Kika ce, "To." Sai daga baya na gane irin wannan "to" ɗin naki ma'anarsa ita ce ba da ke ake ba. Washegari kika buga wasan.

Ni ma na je. Ban taɓa shiga wuri irinsa ba: zaure babba mai rufin kwano, an rufe tagogi ruf, an kashe fankoki, wai iska kaɗan ma tana karkatar da ƙwallon, tunda ɗan abu ne mara nauyi da aka kewaye da gashin tsuntsu. Zafi kamar cikin tanda. Ba ka jin komai sai kukan takalma a kan daɓe da muryar alƙalin wasa yana ƙirga maki. 'Yan kallo kuwa, idan aka cire dangin 'yan wasa da wani bawan Allah da ya shigo barci, saura ni. Sai abokiyar karawarki ta cilla ƙwallon can sama, kusa da rufi. Na ga kin ja da baya ba tare da kin waiwaya ba, kamar kina da ido a ƙeya, sannan kika tashi. Wallahi akwai ɗan lokacin da kika tsaya cak a iska, ba ki sama ba ki ƙasa, hannun hagu yana nuna ƙwallon kamar kina ce masa kai nake jira, sannan na dama ya sauko. Ƙarar ta yi kamar an karya busasshen kara. Mai barcin nan ya farka. Haka shirwa ke sauka a kan ɗan tsako, babu shawara, babu ban haƙuri. Wayyo ni! Ɗan tsakon ranar ba ƙwallo ba ne, ma'aikacin asibiti ne da ya zo da rigarsa mai guga ya zauna a benci na uku.

Da aka tashi kika zo wucewa, tawul a wuya, gumi na ɗiga daga haɓarki. Kika ce, "Mai hoto, me ya kawo ka?" Na ce na zo duba ƙafa. Kika ce, "Ƙafar tana gaishe ka." Ba ki sake kirana da wani suna ba tun daga ranar, har takardun makarantar yarinya ma sai na tsaya na yi tunani kafin in tuna sunan da iyayena suka sa mini.

Ba ki manta abin da mahaifiyata ta ce ba sa'ad da na kai mata labarinki. Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato aikinta ke nan, dukan gashin kaza?" Na ce, "Inna, na dinya ne." Ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Dinyar ma ai halitta ce." Wannan Innar ce fa daga baya ta koma tana zama gaban talabijin da carbi a hannu, tana yi wa alƙalin wasa Allah ya isa idan ya ce ƙwallonki ya fita layi. Har yau ba ta san dokar wasan ba. Abin da ta sani shi ne duk makin da ba naki ba ne, zalunci ne.

Ya ke hasken gidana, ban same ki a ɗaki kina jiran miji ba. Kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta. Ke kika ba ni labarin yadda kika fara, a bayan azuzuwa, da igiyar shanya da aka ɗaure tsakanin bishiya biyu, da raket biyu na malamin motsa jiki, ɗaya ma a lanƙwashe, kuma kullum ke ake ba lanƙwasasshen don kin fi kowa ƙanƙanta. Ranar da na fara riƙe hannunki bayan aure, na yi tsammanin laushin auduga da masoya ke faɗa. Sai na ji kanta a gindin yatsu, tauri kamar tafin mai faskare. Na riƙe shi da kyau. Auduga tana da yawa a asibiti, ita muke goge jini da ita. Irin hannun nan kuwa guda ɗaya na taɓa gani.

Na ga shekarun da kika yi kina lashe gasar ƙasa ke kaɗai a fili, kina tafiyar kwana da wuni a mota, jaka a cinya don ba ki yarda a ɗora ta a but ba, ki sauka ƙafa a kumbure ki shiga wasa. Na ga lambobin yabo suna taruwa a kan kantar falo har Inna ta fara rataya maɓallan gida a jikin ɗaya. Na kuma ga ranar gwiwa. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar nahiya ne, ina kallo a waya a ɗakin nan. Kika miƙa ƙafar dama gaban raga kamar yadda kika yi sau dubu, sai ƙafar ta tafi ta bar ki. Na ga bakinki a buɗe, amma wayar ba ta kawo sautin ba. Da kika dawo na ɗauki hoton da kaina, sai ga ƙashi lafiya lau, fari tas kamar ranar farko. Jijiya ce ta tsinke, ita kuwa injina ba ya ganin ta. Ban taɓa jin haushin aikina ba sai ranar.

Bayan tiyata mutane suka yi ta zuwa dubiya da lemo da ayaba, kowa da hudubarsa. "Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Yanzu sai a zauna a huta." Kika ce musu, "To." Suna fita kika sa na fitar miki da kujerar roba tsakar gida, kika zauna, sanduna a jingine, ƙafa a miƙe, kina buga ƙwallo a bango yana dawowa. Bangon yana nan da tabonsa, mai gidan haya ya tambaye ni ko ƙwari ne, na ce masa eh, wani iri ne.

A cikin wannan zaman Allah ya ba mu ɗiyarmu, wadda muke kira Manaja don tun tana zanin goyo take ba da umarni. Kowa ya ce shi ke nan, ga gwiwa ga goyo, an rufe magana. Ba a rufe ba. Koci ya ce gwiwarki ba za ta iya tsare fili duka ita kaɗai ba, ki koma wasan bibbiyu, ya haɗa ki da Doguwa, yarinya sabuwar tashi mai hannu kamar gora, mai jin kunyar ko kallonki. Ita a gaban raga, ke a baya. Ba ku cika magana a fili ba, amma idan ta matsa hagu kin riga kin cike dama, kamar ku biyun numfashi ɗaya kuke yi. Da haka kuka kai wasan ƙarshe na nahiya, a gasar da ta taɓa kayar da ke. Makin ƙarshe naki ne, daga can layin baya, a kan ƙafar da aka ɗinke. Ihun da na yi a barandar asibiti ya sa shugabar ma'aikatan jinya ta fito da gudu da keken marasa lafiya. Na ce mata zinare ne. Ta ce in koma bakin aikina. Da ta juya na ga tana share ido da gefen mayafi.

Yanzu na zo inda ba ki so a taɓa. Ki yi haƙuri, ai kin san aikina, inda ke ciwo nan ake haskawa.

Bayan zinaren aka ɗauke ku yawon gasa ƙasa bayan ƙasa don tara maki, wata ya bi wata. Ranar da kika dawo, kin shigo da akwati a hannu ɗaya, 'yar tsana a ɗaya, kika durƙusa a bakin ƙofa a kan gwiwar da likita ya hana ki durƙusawa da ita, kika buɗe hannu. Manaja ba ta cika shekara uku ba. Ta leƙo ta bayan zanin Inna ta dube ki sama da ƙasa. Inna ta ce, "Je ki mana, ki gaishe ta." Ta fito da ladabinta ta ce, "Sannu da zuwa, Anti." Kowa ya yi dariya. Ke kika fi kowa dariya. Sannan kika shiga banɗaki kika buɗe famfo, ruwa ya yi ta zuba har na fara tunanin tankin maƙwabta. Washegari da safe kika kira Koci kika ce kin ajiye wasa.

Ban ce komai ba a lokacin, don ciwon sabo ne, kuma ba a gardama da mai ɗanyen rauni. Amma tunda takarda ce, bari a rubuta don tarihi: a wannan watan, yarinyar nan tana kiran mai kawo mana gas Baba. Ni kuwa, da nake yi mata wanka safe da yamma, "wannan" take ce mini. Ban ajiye aiki ba.

Shekara guda ke nan da wani abu kina gida. Kullum na tambaye ki, sai ki ce lafiya lau, hankalinki kwance. Na yarda. Sai dai ga abin da idona ya gani. Sauro ya ƙaura daga gidanmu. Tun ranar da na sayo raketin nan na kashe sauro mai caji, babu wanda ya shigo ya fita da rai, har na bayan labule kina kai masa duka ta bayan hannu ba tare da kin daina magana ba. Maƙwabta suna tambayata wane magani muke fesawa. Tukwanenmu sun kusa hujewa don yawan gurza. Kujerun falo sun zagaya ɗakin sun dawo inda suka fara. Kofi ya suɓuce daga hannun Manaja rannan, kina can bakin ƙofa, amma bai kai ƙasa ba. Idan aka zo labarin wasanni sai ki tuna kin bar wani abu a wuta. Ran nan kuma na dawo aiki da wuri, na tarar da ke a kicin, waya a jingine da gwangwanin gishiri, kin kashe sauti, kina kallon Doguwa tana wasa da wata sabuwar abokiya. Abinci yana ƙonewa a gabanki. Wuyan hannunki na dama yana motsi shi kaɗai, yana mayar da ƙwallayen da waccan ta bari suka faɗi. Na koma da baya a hankali, na sake shigowa da sallama mai ƙarfi. Muka ci ƙonannen abincin, na ce ya yi daɗi.

Ina dariyar nan taki da ke sa maƙwabci buga bango? Ina waƙar da kike yi a banɗaki ba kan gado, wadda nake gunaguni a kanta alhali ina jingine da ƙofa ina saurare? Wa ya ɗauke tsawa ya bar mini hadari yana ta yawo a falo ba ya zubarwa? Labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa fuskar nan ita ce littafin da na fi karantawa a duniya. Kina nan, amma kamar kogi ne a tsakiyar rani: gaɓa tana nan, yashi yana nan, sunan ma yana nan, sai dai babu abin da ke gudu. Ina kewarki, ya ke ruwan sanyina, ina kewarki alhali ga ki a gefena kina ninke kaya! Da kina wata ƙasa, kewar tana da magani, sai in kira waya. Wannan kuwa wa zan kira?

Makon jiya Koci ya zo gidanmu da Doguwa. Kin san ba mutum ne mai zagaye ba. Ya ce za a fara wasannin neman gurbin babbar gasar duniya, wadda kika sha gaya mini tun kina buga lanƙwasasshen raket kike mafarkinta. Ya ce an gwada Doguwa da 'yan wasa daban-daban, ba a dace ba, kuma dole ya miƙa sunaye kafin ƙarshen wata. Kika zuba musu shayi kika ce, "Koci, ni fa na yi sallama da fili." Doguwa, wadda ban taɓa jin ta haɗa jimla biyu a gabanki ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, idan ina gaban raga yanzu, ba na jin kowa a bayana." Sai kika ce, "Shayinki zai huce." Da suka tafi kika wanke kofunan, kika ɗauraye, kika kife, sannan kika sake ɗauko su kika wanke.

To, ga abin da na yi a bayan idonki, ki hukunta ni daga baya. Na je wurin likitan da ya yi miki tiyata. Ya ce gwiwar za ta iya ɗaukar kakar wasa ɗaya idan aka bi ta a hankali, amma shi ba ya rantsuwa a kan gwiwar kowa, har tasa. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Duk sa'ad da kika miƙa ƙafar nan gaban raga, zuciyata ce ke tsinkewa kafin jijiyarki. Amma tsoron nawa ne, ni zan riƙe abina, ba sai kin taya ni ba. Na roƙi a mayar da ni aikin safe zalla, an yarda, don abokin aikina ya fi son na yamma, yana da dalilansa da ban bincika ba. Hutuna da na daɗe ban ɗauka ba yana nan, duk gasar da mota ke kaiwa, ni da Manaja muna benci. Na yi wa Inna maganar ta dawo wurinmu, kafin in rufe baki ta ce, "Da ma me nake yi a can? Ka ce wa 'yar nan ta je ta karɓo mana haƙƙinmu." Har kitso na fara koyo a wurin matar maƙwabcinmu. Na farkon da na yi, malamar makaranta ta tambaya ko yarinyar ta faɗi ne. Na biyun bai jawo tambaya ba.

Sannan na nemi izini daga sama. Na zaunar da Manaja a kan teburin cin abinci na ce, "Kina so Mama ta je ta yi wasa a nesa?" Ta yi mini kallo irin na manyan ma'aikata. Ta ce, "Za ta kawo cakulan?" Na ce za ta kawo. Ta ce, "A talabijin za ta fito?" Na ce in Allah ya so. Ta ce, "To ta tafi." Ta sauka daga teburin, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta ɗaga yatsa ta ce, "Amma ta dawo." Sharuɗɗan ke nan. Na duba su da kyau, ban ga abin da zan ƙara ba.

Ba zan yaudare ki in ce ba za ki rasa komai ba. Za ki rasa. Wataƙila ta koyi rubuta sunanta ba kya nan. Wataƙila zazzaɓi ya kama ta ki ji a waya, ki shiga fili da shi a ƙirji. Wataƙila ma ku yi duk wahalar nan gurbin ya kuɓuce da maki kaɗan, ki dawo da akwati da ciwon gwiwa kawai. Duk na auna. Amma ki auna wannan ke ma: yarinyar nan za ta girma, za ta ga lambobin nan, za ta tambaya me ya sa kika daina alhali kina kan ganiyarki. Me za mu ce mata? Mu ce saboda wata kalma da ta faɗa tun ba ta san hagu da dama ba? Kada ki ɗora mata kayan da ba ita ta ɗaura ba. Wuyanta ƙarami ne. Ita za ta same ki a gida shekaru masu yawa in Allah ya ba mu rai, fili kuwa ba ya jiran kowa, ke kika fi ni sani.

Idan kin ƙoshi ne da gaske, idan zuciyarki ta ce ya isa, to wallahi ya isa, ni ne farkon mai shimfiɗa miki tabarmar hutu. Ba lamba na aura ba. Ko ba ki sake taɓa raket ba, ke ce dai daminata da kakata, ke ce inda nake komawa idan duniya ta yi mini zafi. Abu ɗaya ne ba zan iya ɗauka ba: ki zauna da yunwa ki ce don mu kika ƙi ci. Ba mu roƙa ba. Mu mutum uku ne masu son ki, ni da Manaja da Inna, kuma duk mun fi son mu yi kewarki kina can kina tashi sama, da mu same ki kullum a nan kina wanke wankakken kofi.

Na ji motsin mai gyara a baranda, ashe hanyar tana da iyaka. Bari in taƙaita.

Ba zan ba ki takardar nan hannu da hannu ba, ba kuma zan sa ta ƙarƙashin matashi ba. Jakar raketinki tana can saman wadirob, inda kika tura ta har jikin bango kika ce ko kallonta ba za ki ƙara yi ba. Yau idan na koma gida, kina can ɗauko Manaja daga makaranta, zan taka kujera in zuge jakar in sa takardar a ciki, in mayar da komai yadda yake, har ƙurar. Idan wata ya ƙare ba ki buɗe ba, to ni ne ban iya karatun fuska ba. Zan cire ta in yaga, ba za ki taɓa jin maganar nan a bakina ba, in ci gaba da son ki a yadda kika zaɓa, ba ragi.

Idan kuwa idonki yana kan layin nan yanzu, to, ranki ya daɗe, ba ni na hau da ke kujera ba. Ki sauko a hankali, ƙafarta ɗaya tana rawa. Lambar Koci ba ta canja ba.

Naki a ranar nasara, naki a ranar da aka fitar da ku tun zagayen farko, naki idan zauren ya cika da idan ya watse, mai zama a benci har sai an kashe fitila an ce kowa ya tafi, sannan ya ɗaukar miki jaka,

Mijinki,
Mai hoto.